Ɗan Amshin Ɗanjuma

A shekarar 1964 akwai wata 'yar majami'a a wani ƙauye da ke yamma da Ƙarfi. Ginin ƙasa ce da jinkar ciyawa, benci takwas ne a cikinta. A jikin ɗorawar da ke ƙofarta an rataye guntun ƙarfen dogo da wani ya ɗauko daga Funtuwa. Ran Talata da ran Juma'a, idan rana ta yi sanyi, akan buga ƙarfen nan sau uku, mawaƙa su ajiye fartanya su zo koyon waƙa.

Kafin a buga ƙarfen, Baba Sulemanu ya riga ya iso. Shi ke share ɗakin, ya kori kaji, ya jera benci uku a gaba yadda mawaƙa suka saba tsayawa. Ba wanda ya sa shi wannan aiki.

Tsoho ne dogo, ya haura sittin. Gidansa na can ƙarshen gari, bakin hanyar rafi. Matarsa Mairamu ta rasu damina uku da suka wuce. 'Yarsa ɗaya ce, Salome, tana aure a Kaduna, wasiƙarta takan zo sau biyu a shekara, ya kai wa malamin makaranta ya karanta masa, wani lokaci ya roƙa a maimaita. A gidan ba kowa sai shi da akuya biyu. Yakan yi kwana biyu bai yi magana da mutum ba in ban da gaisuwar kan hanya. Saboda haka ranakun mako a wurinsa iri biyu ne. Akwai Talata da Juma'a da Lahadi, akwai kuma sauran, waɗanda ake jira su wuce.

Mai koyar da waƙar shi ne Malam Mark, malamin makarantar mishan, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar. Haifaffen Funtuwa ne, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, bai taɓa noma abin da ya wuce bayan ɗaki ba. A kwalejin horon malamai ya koyi waƙa, a rubuce a kan allo. Da ya zo ƙauyen ya tara mutum goma sha huɗu, manoma da matansu, ya raba su murya-murya: sirara a hagu, masu kauri a dama. Ya sha wahala kafin su yarda cewa mutum biyu za su iya rera layi ɗaya ta hanya biyu ba tare da ɗaya ya yi kuskure ba. Amma sun yarda, har sun fara jin daɗin abin. Matan da a da ba sa iya ɗaga kai a taro yanzu suna tsayawa a gaban jama'a su buɗe baki.

Muryar Baba Sulemanu ba ta da aibi. Mai kauri ce, mai daɗi, ba ta kauce wa hanya. Matsalarsa ɗaya ce tak.

A cikin waƙoƙin littafi akwai wadda Malam Mark ya fi ƙauna, wadda ake yin shiru na bugu biyu a ƙarshen kowane layi. Malam yakan dunƙule hannu, kowa ya kama bakinsa, sa'an nan ya buɗe hannun a shiga layi na gaba tare. To, a daidai wannan shiru Baba Sulemanu ke faɗowa. Tun kafin muryar matan ta gama sauka ya riga ya cafe layi na gaba shi kaɗai. Idan kuwa bai tuna layin ba, sai ya cike wurin da "Haka ne!" mai ƙarfi.

Dorkas, shugabar mata, ita ce ba ta ƙyale shi. 'Yar kawunsa ce, taubasai ne, saboda haka ba ta jin nauyin bakinta a kansa.

"Sule," ta ce ran nan, "wai wa ke korarka ne? Waƙar nan gudu za ta yi?"

"Kun sake ta za ta faɗi ƙasa, ni kuwa na tare."

"Ƙwai ce da za ta fashe? Malam ya ce a yi shiru, kai ka ce haka ne. Mene ne haka ne?"

"Abin da kuka faɗa mana. Ko ƙarya kuke rerawa?"

Aka kwashe da dariya, har da Malam. A lokacin abin dariya ne.

Cikin watan Yuni takarda ta zo daga Malumfashi. Za a yi taron godiya bayan an yanke dawa, mawaƙan ƙauyuka bakwai za su hallara, kowace ƙungiya ta rera waƙa biyu. Wannan ne karo na farko da aka gayyaci 'yan ƙauyen. Malam Mark ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta, ya ce waƙar shirun nan dole tana cikin biyun.

Daga ranar ya tasa Baba Sulemanu a gaba, cikin haƙuri. Ya koya masa ƙirga ɗaya, biyu a zuci. Ya ce ya riƙa kallon hannunsa, kada ya saurari mata. Ya tsayar da shi kusa da Maitama maƙeri, aka ce Maitama ya riƙa taɓa shi da gwiwar hannu. Tsohon yakan yi ƙoƙari, har zufa ta keto masa. Layi na farko ya jure, na biyu ya jure, a na uku sai muryar ta kuɓuce masa kamar akuya ta tsinke igiya.

Bayan mako uku Dorkas ta daina wasa da maganar. Ta tsaya bayan an tashi, ta ce, "Malam, mutanen Malumfashi da na Mahuta za su zo da takalmansu. Kada mu je a ce 'yan ƙauye ba su san inda ake tsayawa ba. Ɗan'uwana ne, amma ka san yadda za ka yi."

Ran Juma'a Malam Mark ya zo da wuri, ya tarar da tsohon yana jera benci. Ya taya shi ɗaukar na ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Baba, ina da wata 'yar shawara."

"Ina ji, Malam."

"Har zuwa ranar taron nan, ka riƙa tsayawa tare da mu kamar kullum. Ka riƙa motsa baki kawai. Kada ka fitar da murya. Ba wanda zai gane a Malumfashi."

Baba Sulemanu ya dubi bencin da ke hannunsa, ya gyara masa zama ko da yake daidai yake. Ya ce, "To, Malam."

Ran nan waƙar ta fita tsaf. Shirun ya zauna a inda aka ajiye shi. Tsohon na tsaye a wurinsa, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Da aka tashi ya yi wa kowa sai da safe, ya ɗauki sandarsa.

Ran Talata aka buga ƙarfe sau uku. Da mawaƙa suka iso, kaji ne a cikin ɗakin, benci kuma suna inda aka bar su ran Lahadi. Ran Juma'a ma haka. Ran Lahadi ya zo sujada, amma ya zauna can baya kusa da ƙofa, kafin a gama gaishe-gaishe ya fita. Da Dorkas ta aika a tambaya, ya ce aikin huɗa ne ya yi masa yawa.

Yanzu ranakun makon duk sun zama iri ɗaya. Yakan dawo daga gona ya ɗaure awaki, ya dama fura, ya zauna a kan turmin da Mairamu ta bari. Daga can yakan ji ƙarar ƙarfen, domin iska na kawo ta har bakin rafi. Sai ya tashi ya nemi wani aiki: gyaran ƙotar gatari, ko tufkar igiyar da ba ya bukata. Maƙwabcinsa Mudi, tsoho ne kamarsa, Musulmi, yakan leƙo ta kan danga in ya dawo daga sallar la'asar.

"Sule, ba ƙarfenku na ji ba?"

"Shi ne."

"To, me kake yi a nan kamar kazar da ruwa ya doka?"

"Igiya nake tufkawa."

"Igiya ta nawa ke nan? Raƙuma za ka saya?"

Baba Sulemanu ya ci gaba da tufka. Mudi ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya koma ya ce wa matarsa Kulu ta ƙara tuwo a kwanon da take aika wa Sule.

Malam Mark ya samu abin da yake so, amma bai samu kwanciyar rai ba. Duk sa'ad da ya dunƙule hannu shirun ya sauka, sai idonsa ya kai wurin da ba kowa kusa da Maitama. A mako na uku, ran Asabar da hantsi, ya sa takalmin roba ya nufi gonar tsohon.

Dawa ta kai gwiwa, ƙasa a jiƙe da ruwan daren jiya. Tun daga nesa ya ji murya. Ya tsaya a gindin wata kaɗanya yana saurare.

Baba Sulemanu na sunkuye da garma, yana huɗa shi kaɗai a tsakiyar gona mai faɗi. Sai ya rera, "Haka ne, gona ba ta noma kanta!" Sa'an nan ya yi shiru. Garma ta sara sau huɗu. Sai kuma, "Haka ne, gona ba ta noma kanta!" Shiru kuma, sara huɗu, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi.

Malam ya yi mamaki. Ga mutumin da ya kasa shirun bugu biyu, yana yin na huɗu ba kuskure.

"Ka ji shi ko?" in ji wata murya a bayansa. Mudi ne, ya fito daga tasa gonar da fartanya a kafaɗa. Suka gaisa.

"Baba Mudi, wace irin waƙa ce wannan? Rabinta babu."

"Rabin nan na Ɗanjuma ne. Sule ba shiru yake yi ba, Malam, saurare yake."

Suka zauna a kan saiwar kaɗanyar, Mudi ya ba shi labari. Ɗanjuma wan Sulemanu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A zamaninsa ba a gayya daga nan har Matazu ba a kira shi ba. Idan samari arba'in suka jeru a gonar mutum, Ɗanjuma na gaba da ganga yana ba da waƙa, Sulemanu na bayansa yana amsawa. Shekara ashirin da biyu suna haka. Daga baya kowa ya kama hanyarsa: Ɗanjuma ya musulunta ya ajiye ganga, Sulemanu ya bi masu bishara. Ba su yi faɗa ba. Ɗanjuma ya koma Matazu wajen 'ya'yansa, can ya rasu.

"Kuma ka san ƙa'idar amshin gayya?" in ji Mudi.

"Ban taɓa zuwa gayya ba."

"Ai na gani a hannunka. To, ɗan amshi ba ya jira mai bayarwa ya gama. Kafin numfashinsa ya ƙare ka cafe. Idan ka bari waƙa ta taɓa ƙasa, ko na ƙiftawar ido, samari za su miƙe tsaye su dafa ƙugu, layi ya watse, mai gona ya yi asarar tuwonsa. Na ga ranar da Ɗanjuma ya jefi Sule da makaɗi a gaban 'yan mata don ya makara da amshi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar aka hore shi kada ya bar wuri ba murya. Kai kuma ka zo da hannunka a dunƙule."

Malam Mark ya dubi tafin hannunsa. Sa'an nan ya tuɓe takalmansa, ya ce Mudi ya ara masa fartanya.

Da tsohon ya gan shi sai ya miƙe, ya share hannu a jikin riga. "Malam, lafiya? Wasiƙa ce ta zo?"

"Ba wasiƙa, Baba. Taya ka na zo yi."

"Da wannan hannun na alli?"

"Da shi."

Suka kama kunya biyu, kusa da juna. Suka yi nisa kaɗan. Can sai Malam ya gyara murya, ya rera abin da ya zo bakinsa, da sautin da ya ji tsohon na yi: "Wa ya ba mu ruwa bana?"

Bai kai ƙarshen layin ba amshi ya hau kansa. "Haka ne, gona ba ta noma kanta!"

Tsohon ya tsaya cak, kamar shi ma bai san muryar za ta fita ba. Ya juya fuska gefe, ya daɗe yana kallon dawa. Da ya juyo sai ya ce, "Ka ja layin da yawa, Malam. Kuma kana bayarwa kamar mai tambayar hanya. Sake."

Ya sake. Suka yi kunya uku, Malam na ƙago layi, wani ya zauna wani ya karkace, tsohon na tarewa ko wanne ne. A ƙarshen ta uku tafin hannun Malam ya yi bororo, ya zauna a ƙasa yana haki.

"Baba, na yi maka ba daidai ba."

"Waƙarka ce, ka san inda take so a yi shiru."

"Waƙa biyu aka ce. Ta littafi tana nan yadda take. Ta biyun ina so mu yi ta irin wannan, mu sa kalmomin godiya. Kai za ka ja amshi. Amma ni ba zan iya bayarwa ba, ka ji da kunnenka."

"Na ji," in ji tsohon, ba tare da ya sassauta ba. Ya ɗan yi tunani. "Dorkas. Tun tana yarinya in tana niƙa ana jin ta daga rafi. Amma ba za ta yarda ba. Ta zama ta littafi."

Ba ta yarda ba kuwa, da farko. Ran Talata da ta shigo ta ga an share ɗaki an jera benci, ta dubi tsohon ta ce, "A'a, an gama huɗar ke nan?" Amma da ta ji shawarar sai ta ɗaure fuska.

"Waƙar gayya a ɗakin sujada? Malam, abin da muka baro ke nan. Sai mu je Malumfashi a ce mun zo da garma."

"Ba ganga, ba kirarin kowa," in ji Malam. "Godiya ce ga mai ba da ruwa. In dattawan ikilisiya sun ce a'a, mun bari."

"Ƙyale ta, Malam," in ji Baba Sulemanu. "Tsufa ne. Muryar ta tafi tare da haƙoran."

"Haƙoran wa? Kai da kake tauna goro da dasashi?" Ta gyara ɗaurin zane, ta matso gaba. "Faɗi layin in ji."

Ta bayar, ya cafe, sauran goma sha biyu suka bi bayansa. Ba a raba murya ba, amma masu kauri suka sami hanyarsu da kansu. Maitama, wanda bai taɓa rera waƙa ba sai ya ƙura wa hannun Malam ido, ya rufe ido yana kaɗa kafaɗa. Dattawa suka saurara ran Lahadi. Ɗaya ya ce bai so ba, biyu suka ce a gwada.

Ranar taron suka tafi Malumfashi a bayan motar auduga. Waƙar littafi ce farko. Baba Sulemanu ya tsaya kusa da Maitama, ya riƙe bakinsa layi ɗaya, biyu, uku, har biyar, domin ya san tasa na tafe. A shirun ƙarshe ne abin ya fi ƙarfinsa. "Haka ne!" ta fita ita kaɗai a cikin babban ɗakin. Wasu 'yan makaranta suka tuntsire da dariya. Dorkas ta harare shi. Malam ya buɗe hannu aka ƙarasa.

Sa'an nan Dorkas ta bayar da ta biyu. Mutanen gaba, masu takalma, suka dubi juna. Amma daga baya, inda manoma ke zaune, kafin a kai layi na huɗu an fara amsawa, tsofaffi tukuna, sa'an nan matansu. Ba wanda ya koya musu inda za su shiga. Da aka tashi wani fasto ya ce wa Malam Mark abin na bukatar tunani. Wani tsoho kuma daga wajen Matazu ya ratsa jama'a ya kama hannun Baba Sulemanu, ya ce, "Kai ne ƙanen Ɗanjuma. Na yi noma a bayanku." Suka tsaya riƙe da hannun juna.

Motar ta sauke su a bakin hanya rana na shirin faɗuwa. Kowa ya nufi gidansa, yara na tarbar iyayensu. Baba Sulemanu ya bi hanyar rafi shi kaɗai. Gidan na nan yadda ya bar shi. Awaki suka yi kuka, ya zuba musu harawa, ya zauna a kan turmi. Kwanon tuwon Kulu na ajiye a bakin ƙofa, an rufe shi da faifai.

Mudi ya leƙo ta kan danga. "Yaya Malumfashi? An kore ku?"

"Ba a kore mu ba."

"Ka yi shirun?"

"Saura kaɗan."

Mudi ya yi dariya ya koma. Tsohon ya jawo kwanon, ya wanke hannu. Yau Asabar, gobe akwai sujada, sa'an nan Litinin ce kaɗai a tsakani. Ya tuna tsintsiyar majami'a ta cinye, ya kamata ya yanko sabuwa kafin Talata.